Da wace hujja Kiristocin farko suka ƙalubalanci allolin Rumawa?

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin daular Rum, sai na ga an ce Kiristocin ƙarni na biyu zuwa na biyar sun rubuta littattafai da yawa suna sukar allolin Girkawa da Rumawa. Me suka ce? Cewa kawai suka yi gunki dutse ne da itace, ba ya ji ba ya gani, ko akwai abin da ya wuce wannan? Kuma su masu bautar ba su mayar da martani ba?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar dutse da itace sun yi ta, har ta zama ruwan dare a rubuce-rubucensu. Amma da a nan suka tsaya, da babu wani mai ilimi a Atina ko Iskandariya da zai ɗaga kai ya dube su. Abin da ya ba hujjojinsu kaifi shi ne yawancinsu daga gidan abokan gardamar suka ɗauko su, daga bakin mawaƙan Girkawa da masana falsafarsu da marubutan Rum. Kafin in zo nan, sai ka san a wane matsayi suke magana. Waɗanda ake tuhuma ne suna kare kansu, wani lokaci da takobi a wuya.

A wurin Barume, addini abin da gari ke yi ne tare. A yanka hadaya a kan lokaci, a ƙona turare, a yi bukukuwa, alloli su ji daɗi su tsare gari. Abin da ka ƙudurta a zuci bai dami kowa ba, amma idan ka janye hannunka daga hadaya, ka jawo wa kowa fushi. Shi ya sa babban laifin da aka jingina wa Kiristoci shi ne wai ba su da allah ko ɗaya, tun da ba su da haikali, ba gunki, ba bagade. Wajen shekara ta 112, Filini Ƙarami, gwamnan Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan yadda yake gwada waɗanda aka kawo ƙara. Za a kawo siffar sarki da gumakan alloli, a ce mutum ya kira sunayensu, ya miƙa turare da ruwan inabi, ya zagi Almasihu. Wanda ya yi, a sake shi. Wanda aka tambaya har sau uku ya dage cewa shi Kirista ne, a kashe shi. A cikin wasiƙar ya ce haikalai sun kusa zama kufai, naman hadaya ma da ƙyar ake samun mai saye. Tartuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya kwatanta halin a littafin kare kai da ya rubuta a shekara ta 197: in kogin Taiba na birnin Rum ya yi ambaliya, in kogin Nilu ya ƙi cika, in an yi fari ko girgizar ƙasa ko yunwa ko annoba, nan take sai ihu ya tashi a jefa Kiristoci ga zaki. Jastin, wanda ya rubuta wa Sarki Antoninus wajen shekara ta 155, bai musanta tuhumar gaba ɗaya ba. Cewa ya yi in irin waɗannan alloli ake nufi, lalle ba su da su, amma suna da Allah na gaskiya. Ya kuma tuna wa sarki cewa da irin wannan tuhuma mutanen Atina suka kashe Sokratis. Bayan kamar shekara goma shi ma aka sare masa kai a Rum.

Hujjar gunki gado ce daga annabawan Bani Isra'ila. A sura ta 44 ta littafin Ishaya akwai mutumin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ya sassaƙa sauran ya faɗi gabansa yana neman ceto. Bulus ya kai maganar Atina, ya ce Mahaliccin duniya ba ya zama a ɗakin da hannu ya gina. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara mata abin da kowa ke gani da idonsa. Minusiyus Feliks, wani lauya a Rum, ya ce ɓeraye da tsattsewa da shirwa sun fi masu bautar sanin gaskiya, domin suna hawa kan gunkin, suna sheƙa a bakinsa, gizo-gizo na yi masa saƙa a fuska, sai mutum ya zo ya goge. Sannan ya yi tambayar da nake ganin ta fi duka kyau a wannan babi: a wane lokaci ne abin ke zama allah? An narka shi, an sassaƙa, bai zama ba. An haɗa gaɓoɓinsa an tsayar, bai zama ba. Sai an yi masa ado an keɓe shi an roƙe shi, wato sai ranar da mutum ya ga dama. Tartuliyan kuwa cikin gida ya shiga. Ya ce magidanci na jinginar da allolin gidansa, yana sayar da su, in ta kama ya narkar da gunkin allah Satun ya yi tukunya, ya narkar da na allahiya Minaba ya yi ludayi.

Masu ilimin arna ba su ɗauki wannan da zafi ba. Selsus, wanda ya rubuta littafi kan Kiristoci wajen shekara ta 178, cewa ya yi in ba jariri ba wa ke zaton mutum-mutumi shi ne allahn? Alama ce kawai da kyauta da aka keɓe masa. Amsar tana da nauyi, kuma Kiristoci sun san haka. Abin da suka mayar shi ne: ku je haikali ku ga abin da talaka ke yi. Arnobiyus, malamin balaga a garin Sikka na Afirka ta Arewa, wanda ya shiga Kiristanci da girmansa wajen shekara ta 300, ya ba da shaida a kan kansa. Ya ce ba da daɗewa ba shi ma yana girmama gumakan da aka fitar daga wuta aka buga a maƙera, da ƙyallayen da aka ɗaura wa tsofaffin itatuwa, in ya ga dutsen da aka shafa wa mai sai ya tsaya ya yi masa magana ya roƙe shi alheri. Daga baya Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ƙara da cewa siffa mai ido da kunne da baki tana rinjayar zuciyar mai kallo fiye da duk bayanin da masani zai yi masa.

Daga nan suka koma kan halin allolin, kuma a nan ba su buƙaci ƙirƙirar komai ba. Waƙoƙin Homa, waɗanda kowane ɗan makaranta ke haddacewa, cike suke da Zeyus, babban allahn Girkawa, yana yaudarar matan mutane, alloli suna kishi, suna ƙarya, ana ji musu rauni a fagen fama. Tun ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, Bagirken nan Zenofanis ya zargi Homa da Hesiyod da ɗora wa alloli sata da zina da yaudara. Shi ne ya ce da shanu da dawaki suna da hannun zane, da sun zana allolinsu da siffar shanu da dawaki, kuma Habashawa na yin nasu baƙaƙe, mutanen Tarakiya na yin nasu da jan gashi. Wannan magana ta shanu da dawaki ta iso gare mu ne ta hannun Kilemen na Iskandariya, malamin Kirista da ya kwafe ta don kafa hujja. Aflatun ma ya ce irin waɗannan labarai ba su dace a koya wa yara ba. Agustin ya ɗauko wani wasan kwaikwayo na Terens, marubucin Rum, inda saurayi ya ga zanen Jufita, wato Zeyus na Rumawa, yana sauko wa wata budurwa, ya ce in mai girgiza sama ya yi haka, shi ɗan ƙaramin mutum me zai hana shi. Manufar ita ce abin bauta abin koyi ne, ko an so ko an ƙi.

Masana suka ce ai labaran zaurance ne: Zeyus sararin sama ne, Hera iska, Fosaidon teku. Atenagoras na Atina, da ya rubuta wa Sarki Markus Aureliyus da ɗansa wajen shekara ta 177, ya ce to an gudu ba a tsira ba, domin yanzu halitta ake bauta wa. Ya ce wa sarakunan, talakawanku in sun zo fada suna yaba kyan ginin, amma ku suke faɗi su gaisar.

Akwai kuma hujjar cewa allolin matattun mutane ne. Ita ma aro ce, daga wani Bagirke mai suna Yuhemerus wanda ya rubuta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa Zeyus da iyayensa sarakuna ne na da can da aka ɗaukaka bayan mutuwa. Mutanen tsibirin Karita ma suna nuna kabarin Zeyus. Kiristoci suka riƙe wannan gam, suka haɗa da misalin da ya faru a zamaninsu. Antinus, wani saurayi da Sarki Hadiriyan ke ƙauna, ya nutse a kogin Nilu a shekara ta 130, sarki ya sa aka mai da shi allah, aka gina gari da sunansa, aka yi masa haikalai. Jastin ya ce kowa ya san ko wane ne shi da inda ya fito, tsoro ne ya sa ake bauta masa. Tartuliyan ya lura cewa a Rum ba a zama allah sai majalisar dattawa ta amince, wato mutum ne ke yi wa allah alfarma. Ya kuma tambaya, in don nagarta ake ɗaukaka mutum, me ya sa aka bar Sokratis da Kato cikin matattu aka ɗauki mazinata?

Yanzu ga abin da ya fi ba mai karatu na yau mamaki, kuma in ba ka gane shi ba, ba za ka gane dalilin da ya sa mutum zai zaɓi mutuwa a kan ɗan turare ba. Kiristocin farko ba su ce babu komai a haikalin ba. Sun yarda ana duba a faɗi abin da zai faru, ana kwana a ɗakin Askilefiyus, allahn waraka, a tashi da sauƙi, ana ganin abubuwa. Abin da suka ce shi ne aljanu ne ke wannan aiki. Sun fake da sunayen matattun sarakuna, sun tare a gumaka, suna kiwo da jini da hayaƙin hadaya. Da haka suka ɗaure hujjojin uku wuri guda: sunan na mamaci ne, jikin dutse ne, mai amsawa aljani ne. Tartuliyan ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce aljanu suna da sauri, cikin ƙiftawar ido sun kai ko'ina, saboda haka suna ba da labarin abin da ya riga ya faru a nesa a zaci sanin gaibu ne. Game da waraka kuwa, su ke sa ciwon, su faɗi magani, sannan su janye hannunsu a ce sun warkar. Har ya ƙalubalanci mahukunta: a kawo mai aljanu gaban alƙali, kowane Kirista ya umarci abin da ke jikinsa ya yi magana, zai amsa da bakinsa cewa shi aljani ne, in bai amsa ba a zubar da jinin Kiristan a wurin. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan matsayi ba, domin malamanmu da suka yi wa bori wa'azi ba su musanta samuwar iskoki ba, yi musu yanka da neman biyan buƙata wurinsu suka haramta.

Ko a nan sun sami mai ba su shaida daga ɗaya ɓangaren. Forfiri, masanin da ya fi kowa tsananin suka ga Kiristanci, wanda ya rubuta littafi mai kashi 15 a kansu, ya faɗa a wani littafinsa na barin cin nama cewa miyagun ruhohi ne ke jin daɗin hadayar jini, Allah Maɗaukaki ba ya buƙatarta. Yusebiyus, marubucin tarihin coci, da Agustin duka sun kafa hujja da shi. Arnobiyus ya bi ta wata hanya mai taɓa zuciya, ya ba bijimin hadaya baki ya yi magana, yana tambayar Jufita wane laifi ya yi da za a yanka shi saboda zunubin wani, alhali bai taɓa sata ba, bai taɓa rantsuwar ƙarya ba.

A ganina hujjar aljanu tana da wani reshe mai rauni, kuma ba zan ɓoye maka ba. Da aka nuna wa Jastin kamanni tsakanin wasu labaran arna da na Almasihu, ko tsakanin jibin Ubangiji na Kiristoci da gurasa da ƙoƙon ruwa na masu bautar wani allah mai suna Mitra, sai ya ce aljanu ne suka saurari annabawa suka riga suka kwaikwaya don su rikita mutane. Wannan magana ba ta gamsar da wanda bai riga ya yarda ba, tun da duk abin da aka kawo za ta haɗiye shi.

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce ta tarihi da mulki. Barume zai ce da waɗannan alloli muka ci duniya, kakanninmu ba wawaye ba ne. Selsus ma bai musanta cewa akwai Allah ɗaya a sama da kowa ba, ya ce ka kira shi Zeyus ko Adonai ko Amun duk ɗaya ne. Amma babban sarki yana da hakimai da gwamnoni, wanda ya raina su zai ɗanɗana kuɗarsa, kuma girmama su girmama sarkin ne. Ya ƙara da cewa in kowa ya yi irin naku, za a bar Kaisar shi kaɗai, baƙin haure su cinye ƙasa. Sai bayan kamar shekara 70, wajen 248, Orijen, malamin Kirista ɗan Iskandariya, ya amsa masa jimla bayan jimla. Ya ce akwai mala'iku masu hidima, amma ba su neman a yanka musu komai, duk wanda ya nemi hadaya don kansa ya nuna ba bawan Allah ba ne, kuma Kiristoci suna taimakon sarki da addu'a. Hukuma ba ta gamsu ba. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, da sunan mai hadaya da sa hannun jami'ai.

Bayan da sarauta ta koma hannun Kiristoci, maganar ta sake tashi. A shekara ta 384 Simmakus, shugaban birnin Rum, ya roƙi sarki ya mayar da bagaden allahiyar nasara zauren majalisa, yana cewa asiri mai girma haka ba a isa gare shi ta hanya ɗaya. Ambros, bishop na Milan, ya amsa cewa jaruntar sojoji ce ta ci yaƙoƙin Rum, kuma Hannibal, jarumin Kartaj da ya addabe ta, ai shi ma alloli yake bauta wa. Da Alarik da Gotawansa suka shiga Rum a watan Agusta na 410 suka yi kwana uku suna ganima, mutane suka ce ga sakamakon barin alloli nan. Wannan ne ya sa Agustin ya ɗauki alƙalami daga 413 zuwa wajen 426 ya rubuta Birnin Allah, kashi 22, goma na farko duk a kan wannan batu. Ya fara da abin da Rumawa ke taƙama da shi, cewa allolinsu daga Taroya, birnin da Girkawa suka ci suka ƙone, aka ɗauko su. Ya ce to waɗanda suka kasa tsare garinsu na farko, aka ɗauko su a hannu daga cikin wuta, su aka damƙa wa amanar Rum? Mutane ne ke gadin gumaka, ba gumaka ke gadin mutane ba. Ya jero annoba da yunwa da yaƙin basasa da suka faɗa wa Rum tun Kiristanci bai zo ba, ya tuna musu daren da mahara Galawa suka hau tudun Kafitol na birnin Rum, agwagin haikali ne suka farka suka yi kuka, alloli suna barci.

Babban makaminsa shi ne Barro, wanda Rumawa ke ɗauka mafi ilimi a cikinsu. Daga littafinsa ya ɗauko jerin ƙananan alloli da aikin kowanne: ƙofa ɗaya tana da uku, na ƙyaure, da na abin da ƙyauren ke juyawa a kai, da na dokin ƙofa, alhali mai gadi ɗaya ya ishi gida saboda shi mutum ne. Barro ya raba ilimin alloli uku, na mawaƙa, da na masana, da na hukuma, ya yarda na mawaƙa abin kunya ne. Agustin ya nuna cewa abin da ake yi a dandalin wasa shi ake yi a haikali, ba za a raba su ba. Barro ne kuma ya rubuta cewa Rumawan farko sun yi fiye da shekara 170 suna bauta ba gunki, kuma da an ɗore a haka da bautar ta fi tsarki. Agustin ya kuma kawo Seneka, masanin falsafa na Rum, wanda ya yi wa al'adun haikali kaca-kaca a rubuce amma ya ce mai hikima ya riƙa yin su saboda doka. Wannan ita ce tuhumar da nake ganin ta fi kowace ciwo: manyanku sun san gaskiya, suka bar talaka cikin abin da su ba su yarda da shi ba.

Akwai wata hujja da ba na so a manta da ita, domin abin da ya same ta yana damuna. A shekara ta 212 Tartuliyan ya rubuta wa gwamna Iskafula cewa haƙƙin kowane mutum ne ya bauta wa abin da ya yarda da shi, kuma tilasta addini ba ya cikin addini. Laktantiyus, wanda ya ga tsanantawar Sarki Diyokiletiyan da ta fara a 303, ya ce ana kare addini da mutuwa dominsa, ba da kisa ba, da magana, ba da bulala ba. Ba a cika shekara 40 da samun 'yanci a 313 ba, sai ga wani marubucin Kirista, Firmikus Maternus, yana roƙon 'ya'yan Kustantin, sarkin Rum na farko da ya karɓi Kiristanci, su narkar da gumaka su kawar da bautar da ƙarfin doka. A 391 da 392 Sarki Tiyodosiyus ya haramta hadaya, har turaren da mutum zai ƙona wa allolin gidansa, a daidai wannan lokaci kuma aka rushe babban haikalin Serafis a Iskandariya. Yanzu su Simmakus ne ke roƙon a bar kowa da hanyarsa.

Kan tambayarka ta martani, ka ga sun mayar, kuma da ƙarfi. Sai dai da wuya ka same shi a littattafansu na asali. An ba da umarnin ƙone littafin Forfiri tun zamanin Kustantin, aka sake a shekara ta 448, gutsattsari kawai suka rage. Na Sarki Juliyan, wanda ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar alloli tsakanin 361 da 363, ta cikin raddin Siril na Iskandariya muke karanta shi. Littafin Selsus ya ɓace, amma da yake Orijen yana kawo maganarsa kafin ya amsa, masana sun iya sake haɗa babban kashinsa. Saboda haka in ka zo karantawa, ka riƙa tuna cewa abokin gardama ne ya zaɓi abin da za ka ji, ka kuma fara da Orijen, domin shi ya fi ba ɗaya ɓangaren fili ya yi magana da bakinsa.